Maƙerin Grand Detour da Iyalinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi bayani a kan wani suna da ya zama ruwan dare a shafukan noma, wato John Deere. Duk lokacin da aka tashi maganar sayo taraktoci daga waje sai an ambaci wannan suna, kuma manomanmu da yawa sun san korayen taraktocin nan masu hoton barewa tana tsalle a jikinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai sunan maƙerin ƙauye ne, wanda ya rasu a 1886 bai taɓa ganin tarakta ɗauke da sunansa ba, domin sai a 1918 kamfanin ya shiga wannan harka, lokacin da ya sayi wata masana'anta a garin Waterloo na jihar Iowa. Idan kuwa an tashi ba da labarinsa, sai a dunƙule shi a rana guda: wai ya tsinci karyayyen zarto, ya ƙera garma da shi, sai arziki ya buɗe. A ganina wannan taƙaitawa ta tauye haƙƙin mutane da dama, musamman matarsa da ɗansa, waɗanda ba don su ba da maƙerar ta mutu tun tana rumfa.

An haifi John Deere ranar 7 ga Fabrairu, 1804, a garin Rutland na jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, ƙasar duwatsu da sanyi mai tsanani. Mahaifinsa William tela ne. A 1808, yaron yana da shekara 4, uban ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila da niyyar karɓo wani gado, daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, aka ɗauka teku ce ta ci shi. Mahaifiyar, Sarah, ita ta ci gaba da riƙe shagon ɗinki a garin Middlebury, da allura da zare ta ciyar da 'ya'yanta. Saboda haka karatun yaron bai yi nisa ba. A 1821, yana da shekara 17, aka kai shi koyon ƙira wurin wani maƙeri mai suna Kyaftin Benjamin Lawrence, inda ya yi shekara 4 yana zuga, yana riƙe awartaki, yana dukan ƙarfe, ana ba shi ci da wurin kwana da dala 30 a shekarar farko, ana ƙara masa dala 5 kowace shekara. Da aka yaye shi sai ya shiga aikin ƙodago a maƙerun wasu, kuma tun a lokacin an san shi da abu guda: shebur da cokulan ɗibar ciyawa da yake ƙerawa, yakan goge su har su yi santsi da sheƙi, ta yadda ba sa riƙe ƙasa ko ciyawa. Wannan ɗabi'a ta guga ita ce ta yi masa rana daga baya, shekaru da yawa kafin a zo maganar zarto.

A 1827 ya auri Demarius Lamb. Shekaru 9 da suka biyo baya na wahala ne da yawon gari-gari. Ya kafa maƙerarsa a Leicester da kuɗin aro, gobara ta cinye ta, ya sake ginawa, ta sake cinyewa. Ya koma yin gyaran ƙarafan kekunan doki masu ɗaukar fasinja a ƙarƙashin wani, daga nan ya sake gwada tsayawa da ƙafarsa a garin Hancock. Ita kanta Vermont a lokacin ta fara gajiya: gonaki sun tsufa, manoma sun koma kiwon tumaki, matasa suna ta kwarara zuwa yamma, kuma maƙeri ba ya ci sai manomi ya ci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma a wancan zamani a can ana iya kulle mutum a kurkuku saboda shi. A ƙarshen 1836 wani da ya ba shi jari ya kai ƙararsa. Sai John ya tattara kayan ƙirarsa da 'yan kuɗi kaɗan, ya bar matarsa da 'ya'ya 4 da juna biyu, ya bi ta hanyar ruwan Erie da manyan tafkuna zuwa Chicago, wadda a lokacin mutanenta ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, daga nan ya hau keken doki zuwa wani ƙauye a bakin kogin Rock mai suna Grand Detour, a jihar Illinois. Wani mutumin Vermont mai suna Leonard Andrus ne ya kafa ƙauyen 'yan shekaru kaɗan kafin zuwansa, har ya kafa injin yankan katako mai aiki da ƙarfin ruwa. In za a faɗi gaskiya, tafiyar nan ta fi kusa da gudun bashi fiye da neman suna, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba.

A nan ya wajaba in ɗan tsaya, domin masu ba da labarin irin waɗannan mutane sukan kira wurin da suka je sabuwar ƙasa, kamar dai Allah ya halicce ta ne ranar da suka iso. Bakin kogin Rock yana da masu shi. Mutanen Sauk da na Meskwaki, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe a can, kuma babban garin Sauk mai suna Saukenuk yana kusa da inda kogin ke shiga babban kogin Mississippi, da gonakin masara masu faɗi waɗanda matansu ke nomawa. A 1804, shekarar da aka haifi John Deere, aka sa wasu 'yan tsirarun mutanensu suka sa hannu a wata takarda a garin St. Louis, wadda gwamnatin Amurka ta ɗauka a matsayin sayar da ƙasar, alhali jama'ar Sauk da yawa ba su taɓa yarda cewa masu sa hannun suna da ikon yin haka ba. A 1832 wani jagoransu mai suna Black Hawk ya tsallako Mississippi da jama'arsa, maza da mata da yara, don komawa ƙasarsu, sai aka tura musu soja da 'yan sa-kai, cikinsu har da Abraham Lincoln wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Abin ya ƙare a watan Agusta na shekarar a bakin kogin Bad Axe, inda aka karkashe da yawa daga cikinsu suna ƙoƙarin haye ruwa. Shekara 4 kacal tsakanin wannan kisa da isowar maƙerinmu. Bai harba bindiga ba, amma gonakin da garmarsa ta huɗe na waɗannan bayin Allah ne, kuma garin Moline inda ya gina masana'antarsa daga baya maƙwabcin kufan Saukenuk ne. Duk wanda zai yabi 'yan kama-wuri-zauna, to ya haɗa da ambaton waɗanda aka tayar.

Ƙauyen da ke bakin daji ba ya zaunuwa sai da maƙeri. Kowane ƙarfe da ya karye, in babu mai gyara shi a kusa, sai an yi tafiyar kwanaki ko an jira makonni. Shi ke yi wa dawaki da shanu takalman ƙarfe, shi ke ɗaura zoben ƙarfe a ƙafar keken doki, shi ke haɗa sarƙar da ta tsinke, ya ƙera gatari da ƙusa da maratayin ƙofa, ya toshe tukunyar da ta ɓule, ya gyara bindiga. Cikin 'yan kwanaki da isowarsa John ya kafa murhu da zugazugi ya kama aiki, domin ƙauyen ba shi da wani maƙeri. Kuɗi kuwa ba su cika yawo ba, balle da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1837 har takardun kuɗin bankuna da yawa suka zama ba a yarda da su. Sau da yawa ladan aiki alkama ce, ko masara, ko nama, ko alkawarin sai kaka.

A wannan rumfa ya riƙa jin kukan da manoma ke yi. Garmar da suka zo da ita daga gabas ta ƙarfen zubi ce, an yi ta ne domin ƙasa mai yashi da tsakuwa wadda ke zubewa da kanta. Ƙasar Illinois kuwa baƙa ce mai danƙo, wadda dogayen ciyayi suka shekara dubbai suna ruɓewa a cikinta. Saran farko ma aiki ne na musamman, ana yin sa da wata ƙatuwar garma wadda shanu da yawa ke ja domin tsinka saiwoyin ciyawa. Amma babbar matsalar tana zuwa ne a huɗar shekarun da ke biye. Duk wanda ya taɓa noma a fadama bayan an ɗauke ruwa, ya ga yadda laka ke manne wa fartanya har ta yi nauyi ta daina cin ƙasa, ya san abin da ake nufi. Manomi zai kora shanu, ya yi 'yan taku kaɗan, sai ƙasa ta dunƙule a jikin garmar, ta daina yanka ta koma turawa. Dole ya tsayar da shanun, ya zaro wani ɗan katako mai faɗi da yake rataye da shi, ya durƙusa ya kankare lakar, ya miƙe, ya sake 'yan taku, ya sake durƙusawa, haka har rana ta faɗi. Ga ƙasa mai albarka wadda ba ta buƙatar taki, ga mutum da shanunsa sun galabaita ba su huɗe abin kirki ba. Wasu har sun fara tunanin komawa inda suka fito.

To a nan zarton ya shigo. A 1837 John ya sami karyayyen zarto a injin Andrus, na tataccen ƙarfe wanda gogayya da katako ta riga ta sa shi santsi. Ya sassare haƙoransa, ya yanke shi daidai yadda yake so, ya sa a wuta, ya lanƙwasa shi a bisa wani gungumen itace da ya sassaƙa da siffar da yake nema, sannan ya goge shi, ya haɗa da ƙota da mariƙai na itace. Da aka kai gona, sai ƙasa ta riƙa zamewa a jikin ƙarfen tana kifewa gefe, garmar tana wanke kanta da kanta, kuma gwargwadon yadda take aiki gwargwadon yadda take ƙara sheƙi. Hikimar tana wuri biyu: santsin ƙarfen, da kuma lanƙwasar faifan da ke kifar da ƙasa, wadda sai mai ido da hannu ke iya daidaita ta.

Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin haka ba. Wani maƙeri mai suna John Lane, a wannan jiha ta Illinois, ya riga shi sa ƙarfen zarto a garma tun wajen 1833, kuma akwai wasu maƙera da ke ta gwaje-gwajensu a ƙauyuka daban-daban. Haka kuma ɗaya daga cikin garemanin farko na John, ta 1838, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington, da aka bincika ta an ga bakinta mai yanka ƙasa ne kaɗai na tataccen ƙarfe, faifan kuwa baƙin ƙarfe ne da aka goge sosai. Ke nan fasahar tana hannun mutane da yawa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ya sa sunan sauran ya ɓace, nasa ya wanzu har ya iso gonakinmu? Amsar, a iya fahimtata, tana cikin gidansa da littafin lissafinsa fiye da yadda take cikin murhunsa.

Mu koma Vermont wurin Demarius. Mijinta ya tafi ana binsa bashi, ya bar ta da yara 4, babbansu bai kai shekara 9 ba, ga ciki, ga hunturu ya kawo jiki. Ta haihu a watan Maris na 1837, aka sa wa yaron suna Charles, uban bai gan shi ba sai da ya wuce shekara guda a duniya. Ita ta riƙe gidan cikin idon maƙwabta da masu bin bashi har zuwa 1838, sannan ta ɗebi 'ya'yanta 5 da ɗan abin da ya rage na kayan ɗaki, aka loda a keken doki mai rumfa, suka kama hanyar da ta fi kilomita 1,000, tafiya ta makonni, da goyo a hannu, ana kwana inda dare ya yi, ana ƙetare koguna da taɓo. Namiji shi kaɗai da jakar kayan aiki ya yi wannan tafiya ana ta yabonsa har yau. Mace ta yi ta da yara 5, amma da ƙyar ake samun layi biyu a kanta.

Isowarta ma ba hutu ba ne. A irin waɗannan ƙauyuka matar gida ita ce ke yin sabulu da kyandir, ta kaɗa gashin tumaki ta saƙa, ta ɗinka wa kowa sutura, ta kula da lambu da kaji da saniyar tatsa, ta adana nama da gishiri da kayan lambu domin watannin da ƙanƙara ke rufe ƙasa. A al'adar lokacin kuma yaran da ke koyon ƙira a gidan maigida suke ci suke kwana, don haka duk ƙarin hannu a maƙera ƙarin baki ne a tukunyarta. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda a wancan zamani ya addabi ƙauyukan bakin kogi na Illinois ƙwarai, yana kwantar da gida guda a lokacin da ake tsananin buƙatar hannu. A cikin wannan hali ta ƙara haihuwa har 'ya'yanta suka kai 9, kuma ba duka suka rayu ba. Maƙerin da ke da halin tsayawa yana gwada lanƙwasar garma daga safe har dare, yana ɓata ƙarfe yana sakewa, to akwai mai riƙe masa duk sauran rayuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ci gaban sana'ar a hankali ya zo, ba dare ɗaya ba. A 1839 garma 10 ya ƙera, a 1840 ya yi 40, a 1841 ya yi 75, a 1842 ya kai 100, kuma duk wannan lokaci bai daina yi wa dawaki takalma ba, domin aikin yau da kullum shi ke ciyar da gida. Wani abu da ya bambanta shi da sauran maƙera shi ne bai zauna jiran a zo a ba shi aiki ba. Al'adar da aka saba ita ce manomi ya zo ya ce a yi masa garma, a yi ciniki, sannan a hura wuta. Shi kuwa sai ya riƙa ƙerawa tun ba a nema ba, ya loda a keken doki a bi gonaki da su, manomi ya gani da idonsa, ya gwada a gonarsa, sannan ya saya. Wannan kasada ce, domin jari ne ake zubawa a kan tsammani, amma ita ta fitar da shi daga sahun masu gyara zuwa sahun masu masana'anta.

Sai kuma matsalar ƙarfe. Karyayyun zartuna ba za su ishi mai ƙera garma ɗaruruwa ba. Bayan ya haɗa jari da Andrus a 1843, sai da ta kai su ga yin odar tataccen ƙarfe daga Ingila, a ƙetaro da shi teku, a hau da shi kogi a jirgin ruwa, sannan a ƙarasa da shi ƙauye a keken doki, da tsadar da ba sai an faɗa ba. Daga baya ne masu narkar da ƙarfe na Pittsburgh suka fara yi masa irin wanda yake so a cikin gida. Shi kansa Grand Detour ya zama cikas, domin kogin Rock ba ya ɗaukar manyan jirage yadda ya kamata. A 1848 ya raba gari da Andrus, ya kwashe iyalinsa zuwa Moline a bakin Mississippi, inda akwai ƙarfin ruwa na juya injuna, akwai kwal a kusa, akwai jiragen ruwa. Ya shiga sabon haɗin gwiwa da Robert Tate da John Gould, kuma a 1849 ma'aikata wajen 16 suka fitar da garma sama da 2,000. Jirgin ƙasa ya iso yankin a 1854, zuwa 1855 suna sayar da sama da 10,000 a shekara. Grand Detour kuwa layin dogo ya kauce masa, har yau ƙaramin ƙauye ne.

A wannan shekara ta 1848, wadda ake lissafawa a matsayin ta buɗi, gidan ya yi babban rashi: ɗan farinsu Francis Albert, wanda uban ya ɗora wa buri kuma ya riga ya fara taimaka masa da lissafi, ya rasu yana saurayi. Nauyin sai ya faɗo kan Charles, jaririn nan da aka zo da shi a keken doki. An tura shi makarantar koyon kasuwanci a Chicago, kuma yana da shekara 16 ya shiga aikin ubansa a matsayin akawu. John gwanin ƙarfe ne, kullum hankalinsa na kan yadda za a canja lanƙwasa ko a ƙara ƙwari, har abokan jarinsa sukan gaji da yawan canje-canjensa, amma riƙon kuɗi ba fanninsa ba ne, kamar yadda tarihinsa na Vermont ya nuna. A 1857 tattalin arzikin ƙasar ya sake durƙushewa. Manoma da dillalai da suka karɓi garma bashi suka kasa biya, masu ƙarfe kuwa suna neman kuɗinsu, masana'antar ta kai bakin rushewa, mutumin da ya gudo daga bashi shekara 21 da suka wuce ya sake samun kansa a cikinsa dumu-dumu. Abin da ya yi a wannan karo shi ne, a ganina, mafi girman aikinsa bayan garmar kanta: a 1858 ya miƙa ragamar harkar ga Charles, yaro ɗan shekara 21, ya ja da baya. Ba kowane uba ke iya wannan ba, balle wanda sunansa ne a jikin kaya.

Charles ya daidaita basussukan, ya tsallakar da masana'antar, kuma ya riƙe ta shekara 49 har rasuwarsa a 1907. A zamaninsa aka yi wa kamfanin rajista da sunan Deere & Company a 1868, uban yana riƙe da sunan shugaba, ɗan yana gudanar da aiki. Shi ya fara buɗe rassan sayarwa a manyan garuruwa, na farko a Kansas City a 1869, domin kaya da kayan gyara su kusanci manomi. A 1875 suka fito da garma mai ƙafafu da wurin zama, wadda wani ma'aikacinsu mai suna Gilpin Moore ya tsara, manomi ya daina bin shanu ko dawaki a ƙasa, ya koma huɗa a zaune. Surukai ma sun shigo: Stephen Velie, mijin Emma 'yar John, ya daɗe yana riƙe da sakatariyar kamfanin.

Malam Edita, a wurinmu ƙira gado ce, ɗa yakan tashi ya tarar da masaba da uwar maƙera ta kakansa, ya kama. Gidan Deere ya saɓa wa haka ta fuska biyu: uban ɗan tela ne da ya koyi ƙira a hannun bare, ɗan kuma bai gaji guduma ba, alƙalami ya riƙe, amma da alƙalamin ya raya ƙirar ubansa. Ina ganin akwai abin dubawa a nan ga maƙeranmu, waɗanda ke sarrafa ƙarafan tsofaffin motoci su fitar da fartanya da galma da bakin garmar shanu daidai da ƙasar yankinsu, abin da mai masana'anta a wata nahiya ba zai taɓa sani kamar su ba. Gwaninta ba ita ta yi musu ƙaranci ba. Abin da ya ɗaga wancan maƙeri daga rumfa abu ne da ake iya lissafawa: ƙarfe mai kyau da ake samu a kai a kai, hanyar fitar da kaya zuwa nesa, da mutum a cikin gida wanda ya san shiga da fitar kuɗi kuma aka sakar masa mara ya yi aikinsa. Sau da yawa ɗan maƙeri da ya yi karatu a wurinmu barin sana'ar yake yi gaba ɗaya, wani lokaci ma yana jin nauyin a danganta shi da ita, maimakon ya dawo ya riƙe mata littafi. Masu tsara manufofin noma kuma, da suke ware maƙudan kuɗi don sayo injuna, zai kyautu su tambayi kansu ko akwai wani kaso da ke isa ga maƙeran da ke gyara kayan noman da talaka ke amfani da su a yau.

Demarius ta rasu a 1865, bayan shekara 38 da aure, ta ga ƙarshen wahalar amma ba ta daɗe cikin daɗin ba. Daga baya John ya koma Vermont ya auro 'yar'uwarta, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a harkokin gari da na majami'arsa. Mutum ne da aka sani da ƙin cinikin bayi tun kafin yaƙin basasar Amurka, kuma ya yi magajin garin Moline daga 1873 na tsawon shekara 2. Ya rasu ranar 17 ga Mayu, 1886, yana da shekara 82. Bayan Charles, shugabanci ya koma hannun surukinsa William Butterworth, daga shi sai jikan Charles mai suna Charles Deere Wiman, daga shi kuma sai nasa surukin William Hewitt. Sai a 1982, shekara 145 bayan garmar farko, aka naɗa wa kamfanin shugaban da ba ɗan gidan ba ne kuma ba surukinsu ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Funtuwa.